Muryar Hure da Rijiyar Kuka

Sakinatu na tsakar gida tana tankaɗen garin dawa, Inna Kulu na hura wuta, sai ga Malam Nababa ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba. Daga kasuwar Dawanau yake. Ya jingine kekensa da ƙarfi har kaji suka watse.

"Kulu! Ashe yaron nan yaudararmu yake yi!"

"Wane yaro, Malam?"

"Abdussalam mana, mai neman 'yarki! Shekara uku gari na kiransa Injiniya, ashe ko ƙusa bai taɓa ɗaurawa ba. Yau na haɗu da wani da ɗansa ke makarantarsu, ya ce wai tarihi yake karanta. Tarihi! A jami'ar kimiyya da ƙere-ƙere!"

Sakinatu ta ajiye rariya. "Baba, wallahi bai taɓa cewa shi injiniya ne ba. Mutane ne suka laƙaba masa. Akwai dipatmen ɗin tarihi a can, ƙarami ne kawai—"

"Rufe min baki!"

Bayan la'asar Abdussalam ya zo ya durƙusa a zaure. Malam ya dube shi sama da ƙasa.

"A wannan marra da taki ya gagari manomi, hatsi ya gagari magidanci, da labarin mutanen da za ka ciyar min da 'ya?"

"Baba, ko a makarantar dariya ake mana. Mu goma sha ɗaya ne a aji, su kuwa ɗaruruwa. Amma shi Allah ya sa min a rai."

"To ka je ka aure shi. Kada in sake ganin ƙafarka a ƙofar nan."

Sakinatu ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Saƙo ɗaya ta tura masa: "Ba zan saɓa wa Baba ba, kuma ba zan saurari kowa ba. Mu yi haƙuri." Daga nan ta miƙa wa Inna wayarta.

Ranin da ya biyo baya ya zo da tsanani. Rijiyoyin ƙauyen, can gabas da Bici, suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Sau biyu masu haƙa burtsatse suna zuwa da injinsu suna komawa ba ko ɗigo. Sakinatu da sauran mata sai sun yi tafiyar awa guda da jarka a ka.

Wata hantsi dattawa na zaune a gindin darbejiya, har da Malam Nababa, Abdussalam ya yi sallama ya tsuguna nesa kaɗan.

"Baba, ba maganar aure ta kawo ni ba. Abu ɗaya nake roƙon ku saurara."

Ya ajiye waya a kan tabarma ya danna. Aka ji tari, aka ji 'yar dariyar tsohuwa, sannan murya ta fito:

"Ai shekarar da na haifi Nababa, rijiyar kuka ce ta riƙe garin nan. Da bakinta ya rufta sai aka cike ta, aka manta. Ka ba wa tsohuwar kukar baya, ka dubi gabas, taku goma sha biyar. Ruwanta ba ya ƙafewa, ɗan nan."

Carbi ya suɓuce daga hannun Malam Nababa. Hure ce, mahaifiyarsa, wadda ta rasu shekara biyu da suka wuce!

"Inna ce... Wallahi Inna ce! La'ilaha illallahu!"

Wani dattijo ya cire hula ya dafe kai yana ta tasbihi.

"Tun ina ajin farko na yi mata rikodin, aikin makaranta ne," in ji Abdussalam a hankali. "Na tambayi wasu tsofaffi biyu, maganarsu ta zo ɗaya. Na kawo abokaina masu nazarin ƙasa suka auna wurin, suka ce da alamar ruwa."

Washegari aka fara haƙa. A kwana na uku diga ta ci karo da jerin duwatsun da magabata suka ɗaure rijiyar da su, a zagaye, ko ɗaya bai goce ba. A kwana na shida ƙasa ta yi danshi, sai ruwa ya ɓulɓulo, garai-garai, mai sanyi. Maza na kabbara, mata na guɗa. Sakinatu ta tsaya da jarka a hannu ta kasa motsi, hawaye na bin kumatunta.

Malam Nababa ya kamfaci ruwan ya sha, ya daɗe yana kallon ramin. Sannan ya kama hannun Abdussalam.

"Ɗana, na raina abin da ban sani ba. Ka yafe min. Ka turo magabatanka, bayan kaka a ɗaura." Ya nuna wayar Abdussalam. "Amma kafin nan, don Allah sake kunna min ita."

Haka aka yi. Ranar ɗaurin auren Inna Kulu ta rungume 'yarta tana cewa, "Haƙurinki da biyayyarki ne Allah ya duba, Sakinatu."

Lallai kowane ilimi da ranarsa, kuma ba ya kamata iyaye su yanke wa mutum hukunci kan abin da ba su bincika ba. Wanda ya yi haƙuri ya girmama na gaba da shi, Allah ba ya barinsa ya taɓe.