Katin Gadon Mama

Tun hantsi Malama take kai-kawo tsakanin falo da kicin, ta shimfiɗa tabarmi ta naɗe, ta sake shimfiɗawa. Yau za ta gwada sababbin katunanta a kan ɗalibanta, matan unguwa masu sarin kayan kicin, waɗanda suka gaji da cutar da ake yi musu a ƙetaren iyaka don ba sa jin Faransanci.

Maigidanta, mai gyaran firji, yana ɗaure takalmi a bakin ƙofa yana kallonta.

"Madam, zauna haka nan kafin ki huda mana siminti."

"Yallaɓai, ba za ka gane ba. In wasan nan bai karɓu ba littafi zan koma, kuma littafi barci yake sa su."

"Zai karɓu mana! Ni fa na kai aka buga, na tsaya aka sa musu leda."

Ta harare shi tana murmushi, ya ɗauki jakar aikinsa ya fita.

Dabarar mai sauƙi ce. Kowane abu kati biyu gare shi, ɗaya hoto, ɗaya suna. A kife su a tabarma, mace ta buɗe biyu. In hoto ya dace da suna ta faɗi kalmar da ƙarfi ta kwashe, in bai dace ba ta mayar. Malama ba ta yarda da zanen littafi ba, ta ce abin da ido ya saba da shi ya fi zama a kai. To amma ɗakinta na sabon aure ne, kayan ba su da yawa. Don haka ranar da surukarta, Mama, take barcin rana a falonta, sai ta shiga sashen Mama da wayarta ta ɗauki tukunya, bokiti, tsintsiya, ludayi, har da gadon uwar ɗaka. Bai ma zo mata a rai ta tambaya ba. Ai gida ɗaya ne.

Matan suka hallara, ta ba kowacce nata ƙunshin na zuwa gida, sannan ta baza guda a tsakiya. Nan da nan falo ya kaure.

"La marmite! Na ci!"

"Ke, le seau ake cewa, ba lasso ba!"

"Wallahi leƙe take yi, Malama, ki duba ta!"

Malama har da tafi. Sai matar tela, wadda bakinta ba ya shiru, ta buɗe katin gado. Maimakon ta ce le lit, sai ta kawo shi kusa da idonta.

"Kai! Wannan ba gadon Hajiyar gidan nan ba ne? To mene ne wancan a ƙarƙashi? La ilaha — fo ne! Fo irin na yara!"

Suka yi caa a kan katin. Wata ta tuntsire, wata ta rufe baki, wata ta ce dama ta lura an daɗe ba a ga Hajiya a waje ba. Malama ta fizge katin ta duba. Ita gado ta gani da ta ɗauka, gado ta gani da aka buga. Abin da ke leƙowa ta ƙarƙashin zanin gadon sai yanzu idonta ya kai.

Auta, ƙanwar mijinta, tana tsaye a ƙofa da kofi a hannu. Ta ajiye shi ta juya da gudu. Kafin Malama ta tattara hankalinta matan sun sulale, kowacce da ƙunshinta a jaka.

Mama ba ta yi ihu ba, kuma wannan ya fi komai tsorata Malama. Tana zaune a bakin gadon, katin a cinyarta, ɗanta da aka kira daga wurin aiki yana durƙushe a gefe.

"Shekara da shekaru ina unguwar nan babu wanda ya san cikin ɗakina. Yau ga shi a jakar kowace mace."

"Mama, ki yi haƙuri, wallahi ban gani ba—"

"Ba da ke nake ba."

"Mama, ni na kai aka buga," in ji shi. "In laifi ne namu ne tare."

"To kai na haife ka, ba ni da yadda zan yi da kai. Ita kuwa kada na ƙara ganin ƙafarta a gidan nan."

"Gaskiya Anti kin yi disgiras ɗinmu," Auta ta ce tana share hawaye. "Har matar tela fa!"

A gidan yayarta Malama ta kasa zama. Ta zauna ta tashi, ta ɗauki waya ta ajiye, abinci ya huce a gabanta. Da maigidan ya zo da yamma suka tsaya a soro, idonsa ya yi ja.

"Ba zan sake ki ba, Madam. Kuma ba zan iya saɓa mata ba. Kaina ya kulle."

"Ka bar tawa tukuna. Yallaɓai, yaushe rabonka da ka ga Mama ta taka zuwa banɗaki da ƙafarta?"

Ya fara lissafi da yatsu, ita kuwa ta ci gaba.

"Me zai sa mace kamar Mama ta ajiye abin nan? Kullum a zaune muke gaishe ta, a zaune muke barinta. Ƙafarta ce. Ta ɓoye mana ne."

Ya jingina da bango, ya dafe kai. "Ni da nake ɗanta..."

"Ka kai ta asibiti. Katunan kuma ka bar ni da su."

Washegari ta ɗauki mayafi ta shiga gida-gida. Wasu suka miƙo katin gadon cikin kunya, wata sai da aka zazzage jakar makarantar ɗiyarta. Ba ta yi wa kowa faɗa ba, cewa kawai take yi, "Kuskurena ne, ku taimake ni na gyara." Matar tela ce ta ce nata ya ɓata.

"To bari na jira a nemo," in ji Malama, ta zauna a dakalin ƙofar.

Rana ta take, masu wucewa suka fara tambaya ko lafiya. Tela ya leƙo daga shago, ya shiga ciki, aka ji muryarsa sama-sama. Can matar ta fito ta cilla mata katin.

"Ke dai kin cika naci!"

"Na gode. Sai mun haɗu a aji."

Ta kai katunan ƙofar gidan ta ba Auta, ba ta shiga ba tunda an hana ta. Da aka kai Mama asibiti, likita ya ce gwiwoyin ne, kuma da an ƙara jinkiri da tafiyar ta gagara gaba ɗaya. Aka kwantar da Mama aka yi mata aiki. Kullum da safe Malama takan zo da ruwan zafi da wankakkun kaya, ta miƙa wa Auta a barandar asibitin ta zauna a benci. Kullum Auta ta fito ta girgiza kai. Yayarta ta ce ta daina wulaƙanta kanta, ta ce ba za ta daina ba. Ta rame, har maigidan ya fara tsoron kada majinyatan su zama biyu.

Wata safiya Auta ta leƙo tana murmushi. "Anti, ta ce ki shigo."

Mama tana jingine da filo, fuskarta a ɗaure.

"Wa ya ce ki riƙa wanke min kaya?"

"Babu kowa, Mama."

"Katunan nan, babu saura a waje?"

"Babu ko ɗaya."

"An ce a ƙofar matar tela kika yini." Bakin Mama ya ɗan motsa, kamar dariya na son ƙwacewa. "Da kin tambaye ni, 'yar nan, da na ce ki ɗauki tukwanen ki bar min uwar ɗaka. Abin da ya ƙona min rai ke nan."

Malama ta durƙusa ta kifa kai a gefen katifa tana kuka. "Ki yafe min, Mama."

"Tashi, kada ki jiƙa musu zani. Ki koma ɗakinki. Yaron nan ya ishe ni da zuru, ko abinci ba ya ci."

Ranar da aka sake buɗe aji, ana tsakiyar wasa sai aka ji ƙwas, ƙwas a tsakar gida. Mama ce, da sabuwar sandar asibiti, ɗanta yana biye da ita da kujera. Ta zauna daidai gaban matar tela, ta dube ta har sai da ta sunkuyar da kai, sannan ta ɗaga sandar.

"Malama, wannan me ake ce mata da yaren naku?"

"La canne, Mama."

"To ki yi mata kati."

Malama ta ɗauko waya, ta tsaya. "Kin ba ni izini?"

"Na ba ki. Ki ɗauka da hannuna a kai. Mai son gani ya gani da kyau!"

Matan suka kwashe da dariya suna maimaita kalmar, maigidan kuwa ya faki idon jama'a ya kashe wa matarsa ido ɗaya.

'Yan uwa mata, zama gida ɗaya ba ya mayar da sirrin wani ya zama naki, kuma kyakkyawar niyya ba ta ɗauke miki neman izini. In kuskure ya riga ya faru, kada ki tsaya kare kanki. Ki bi shi har inda ya kai ki gyara, ki yi haƙuri da fushin wanda kika ɓata wa. Da haka Malama ta tsira da aurenta, ta kuma samu uwa.