Amaryar Gandun Tapuwa

Ranar kasuwar Baleyara ce Ramatu ta fara ganinsa, tana zaune gaban ƙwaryar nononta. Hamani sunansa, ɗan Filinge, gardi mai tsaron dajin da Nasara suka killace can Tapuwa. Fura ya zo sha, amma wai har kasuwa ta watse bai gama ludayi ɗaya ba.

Labarin gandun ya yi ta ba ta: yadda kogi ke lanƙwasa yana komowa kamar ya manta wani abu, yadda giwaye ke saukowa ruwa da hantsi, da faɗin dajin da mahayin doki zai gaji bai ga ƙarshensa ba. Ya ce Nasara na zuwa daga Yamai kallo kawai, har matan ƙauyuka sun samu kasuwar ƙwai da zabbi. Ramatu ta koma ruga da ƙwarya a ka, hankalinta kuwa yana can bakin kogin. Son sa ya kama ta, ba ta ma yi gardama ba.

Baffanta Buba da ya ji, sai ya murtuke. Ashe a dajin nan aka haife shi, daga nan aka kore su da shanunsu. Ya ce, ga Ibrah nan ɗan ƙanensa mai garke yana son ta, me za ta yi da mai tsare wa Nasara ciyawa?

Ramatu ta rame. Kubura mai goro ce ke kawo mata saƙon Hamani da baki: "Ya ce, Ramatuna, hasken idona, ki ci abinci. Ya ce ki roƙi Baffa shi zo shi ga wurin sau guda, in ya hana bayan nan na haƙura."

Tsoho ya yarda, don ya je ya kunyata yaron ne. Ramatu ta bi shi da sunan dama masa fura.

Kai, daji! Ciyawa har kafaɗa, barewa na kallon mutum ba tsoro. Ramatu tana tafe kamar mai mafarki. Baffa ko kallon giwayen bai yi ba. Gaba ya wuce, ya fi gardin sanin hanya, har gindin wata tsohuwar kuka.

Nan ya tsaya cik. A wajen nan ko'ina an ƙone ciyawa, amma kewayen wasu duwatsu an share tas, wuta ba ta taɓa su ba.

"Wa ya yi wannan?"

Hamani ya durƙusa. "Ni ne, Baffa. Kowace shekara kahin mu sa wuta nikan share. Na ga kamar kushewa ce, ban san mai ita ba."

Tsohon ya zauna a ƙasa, ya daɗe yana addu'a, hawaye na bin gemunsa.

"Innata ce," ya ce. "Ban yafe korar da aka yi muna ba, yaro. Amma kai, turo manyanka."

Bayan girbin gero aka ɗaura aure, Filinge ta cika da guɗa. Da za a sa amarya a motar da za ta kai ta Tapuwa, Buba ya dafa kanta.

"Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a. Tahi, ɗiyata. Kakarki ta daɗe can ita kaɗai."