Gurbin Gado na Uku

Da magariba Akawu ta koma ofis ɗauko cajar wayarta. Ita ce mai shigar da haihuwa a kwamfutar ƙaramin asibitin, yau kuma yayarta ce kwance a gado na uku, tana naƙuda tun azahar.

Akawu tana da wata dabarar rage aiki. Duk macen da ta fara naƙuda, sai ta buɗe wa jaririnta layi a rajista ba tare da ta rubuta ko harafi ɗaya ba. Kwamfuta ce ke cike gurabun da abin da aka saita mata: lamba ta gaba, lokaci, gadon da aka bayar na ƙarshe, "mai rai", a wurin suna kuma "ba a sani ba". Da safe sai ta gyara.

Tsohuwar ungozoma ta sha yi mata faɗa. "'Yar nan, daina shimfiɗa wuri kina barinsa ba mai shi. Wani abu zai zo ya zauna." Akawu takan jira ta juya baya, ta ranƙwafa, ta maimaita maganar da muryar tsohuwar har da tarin, ma'aikata su yi ta dariya.

Ofishin duhu. Kwamfutar da ta kashe da hannunta tana kunne, layin gado na uku a buɗe. Warin maganin goge ƙasa ya ɓace. Sai ƙamshin hodar jarirai, da wani ƙarni a ƙarƙashinsa.

Kujerar baƙi ta yi ƙara, kamar an zauna.

"Ƙanwata." Muryar Yaya ce, a raɗe. "Bar layin haka. Je ki gida."

Ta bayan bango kuwa ga nishin Yaya, ga ungozoma tana ihu: "Yunƙura! Yaron nan ya ƙi motsi!"

Sai haushi ya taso wa Akawu.

"Ni za a yi wa kwaikwayo? Yaya ba ta taɓa ce min ƙanwata ba, Uwar Surutu take cewa. Kuma sai ta ja hanci kafin ta yi magana. Koma ka koyo."

Ƙofa ta rufe kanta.

Akawu ta danna maɓallin gogewa. Layin ya ƙi.

Wasu 'yan yatsu ƙanana, jiƙaƙƙu, suka riƙe mata hannun dama.

"An ba ni lamba," in ji muryar, yanzu siririya. "An ce ina da rai. Zan fito a madadinsa."

"Wurin da mai shi," in ji Akawu.

Da yatsa ɗaya na hagu ta rubuta sunan da suka yi wata biyar suna kiran cikin da shi: Mai Shuri.

Harufan suka goge.

Ta sake.

Suka goge.

"Wallahi sai dai mu kwana nan!" Ta sake rubutawa tana faɗa da ƙarfi, ta buga maɓallin ajiyewa da goshinta.

Shiru.

Sai kukan jariri ya tsaga bango.

Washegari ta tsare mai gyaran kwamfuta sai da ya saita rajistar ta daina karɓar layin da ba suna. Shatin yatsu huɗu ya zauna a hannunta har yau. Tana nan tana kwaikwayon kowa, har likita, amma ban da ungozoma. In tsohuwar ta wuce tana tari, Akawu miƙewa take ta gaishe ta.