Ludayin Romo a Miyar Koren Wake

Safiatou 'yar shekara goma sha ɗaya ce. Tana zaune da iyayenta a hawa na bakwai na wani dogon gini a Concourse Village, cikin Bronx, a birnin New York. Babanta, Malam Boubacar, yana sayar da jakunkuna da huluna a Canal Street. Mamanta kuma tana kitso a wani shago kusa da gida. Su biyun daga Maradi suka zo, amma ita Safiatou a New York aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, sai dai rabin amsarta Hausa ce, rabi Turanci.

Ƙofar da ke kallon tasu ta wata tsohuwa ce mai suna Anti Lalita. Kakanninta mutanen Indiya ne, ita kuma a ƙasar Guyana ta girma. Ita kaɗai take zaune. Tun Safiatou tana aji ɗaya, idan ta taso daga makaranta Mama ba ta dawo ba, wurin Anti Lalita take zama. Nan take yin aikin makaranta, nan take cin soyayyar ayaba har ta ƙoshi.

Anti Lalita ba ta cin nama. Ba ta cin kifi, ba ta cin ƙwai. Haka addininta ya koya mata, haka kuma aka rene ta. Shekarunta saba'in da uku, ba ta taɓa saɓawa ba.

Wata rana cikin sanyi, Anti Lalita ta zame a kan ƙanƙara a bakin gini. Ƙafarta ta karye. Sai da ta kwana biyar a asibiti, aka dawo da ita gida ranar Juma'a.

Da safiyar Asabar, Mama ba ta fita shago ba. Ta kira Safiatou kicin.

"Zo ki taya ni. Yau miyar Anti Lalita za mu yi, irin wadda ta koya mini."

A cikin kwano akwai wani wake kore, ƙanana sosai, kamar 'ya'yan carbi. Sunansa mung. Tun jiya Mama ta jiƙa shi, ya kumbura ya yi taushi.

"Mama, da ƙarfe biyu fa zan je gidan su Ama," in ji Safiatou. Ama ƙawarta ce a makaranta, kuma ranar ake bikin cikarta shekara goma sha biyu.

"Kafin azahar mun gama. Wanke hannunki."

Mama ta ɗauko wata sabuwar tukunya daga saman kabad.

"Me ya sa ba za mu yi da babbar ba?"

"Waccan ta sha nama. Wannan kuwa ba a taɓa dafa komai a cikinta ba."

Safiatou ta ɓare tafarnuwa, ta kankare citta. Mama ta yanka albasa ta soya har ta yi ja. Suka zuba tumatir da kurkum da garin kori da ɗan attaruhu. Sai wake ya shiga, ruwa ya bi shi. Da ya fara farfashewa, Mama ta zuba madarar kwakwa da yankakken alayyafo. Miyar ta yi kauri, ta koma ruwan ɗorawa mai kyau.

Mama ta dubi agogo.

"Bari in sauka ƙasa in kwashe kaya daga injin wanki, kada wani ya zubar mana da su a kan tebur. Ki riƙa juyawa. Kada ki ƙara komai. Akwai abin da ya rage, sai na dawo."

"To, Mama."

Safiatou ta tsaya tana juyawa. Can ta ɗebi kaɗan ta hura, ta ɗanɗana. Ta yamutsa fuska. A bakinta miyar lami ce. Ba ta kama ƙafar miyar da suke ci kullum ba.

Ta buɗe firji don ta sha ruwa, sai ta ga kwanon romon kazar da ya rage jiya. Ta tuna lokacin da ta yi mura. Romon kaza Mama ta ba ta, washegari ta tashi garau.

"Ai romo ba nama ba ne," ta ce a ranta. "Ruwa ne kawai. Kuma zai ba Anti ƙarfi, ƙafarta ta warke da wuri."

Ta san an ce kada ta ƙara komai. Ta kuma san dalilin sabuwar tukunya. Amma ta leƙa ƙofa, ta ga babu kowa. Ta cika ludayi ɗaya da romo, ta juye a miya, ta juya da sauri. Ta wanke ludayin, ta mayar da kwanon inda yake.

Da Mama ta dawo, ta ɗora ƙaramin kasko. Ta zuba mai, ta soya wasu 'ya'yan ƙamshi da tafarnuwa, ta juye su a kan miyar. Miyar ta yi cuuu, ƙamshi ya cika gidan. Mama ta matsa lemun tsami, ta ɗanɗana.

"Yau kam hannuna ya yi kyau," ta ce tana murmushi.

Safiatou ta kawar da kai.

Suka ɗauki kwanon miya da na shinkafa, suka ƙwanƙwasa ƙofar Anti Lalita. Suka same ta a kan kujera, ƙafarta a miƙe bisa matashi. Ta rame, idanunta sun faɗa. Da Turanci suke magana da ita.

"Ga 'yata nan," in ji Anti Lalita. "Zo kusa in gan ki. Ƙamshin nan tun ɗazu yake shigo mini ta ƙasan ƙofa."

Mama ta zuba mata, ta ɗora a tire, ta ajiye mata a cinya.

"Ki ci ki sha maganinki, Anti. Kin ce ba a shansa sai da abinci."

"Zan ci kuwa. Kwana biyar burodi da tuffa kawai nake ci. Duk miyar da aka kawo mini sai na tambaya me aka sa, wanda ya kawo ya ce bai sani ba. Sai in mayar." Ta shafa kan Safiatou. "Abincin gidanku kaɗai nake ci ba tare da tambaya ba."

Ta ɗauki cokali. Sannan ta rufe ido tana addu'arta, yadda takan yi kullum kafin ta ci abinci.

Safiatou ta dubi tsohuwar. Ta dubi miyar. Idan ta yi shiru, babu wanda zai sani. Idan ta yi magana, Mama za ta ji kunya, Anti kuma ta kwana da yunwa.

Anti Lalita ta buɗe ido, ta ɗebo miya.

"Anti, kada ki ci," in ji Safiatou. Muryarta ta fito siririya.

Duka biyu suka juyo.

"Na sa romon kaza a ciki. Ludayi ɗaya. Lokacin da Mama ta sauka ƙasa."

Anti Lalita ta ajiye cokalin a hankali. Ta ture tiren gefe, ta daɗe tana kallon taga.

Mama ta tattara kwanukan.

"Anti, ki yi haƙuri. Muna zuwa."

A kicin ɗinsu Mama ta zauna a kan kujera. Ba ta ɗaga murya ba. Hakan ya fi damun Safiatou, sai hawaye suka zubo mata.

"Mama, so nake ta warke. Ke kika ce romo yana ba da ƙarfi."

"Na faɗa. Amma in tambaye ki. Da za ki je gidan wata ƙawarki, mamanta ta zuba romon alade a abincinki, ta ce ai ruwa ne kawai, kuma ba za ki gane ba. Yaya za ki ji?"

Safiatou ta zaro ido.

"Ba zan sake cin komai a gidansu ba."

"To, kin gani. Shekara shida kina cin abinci a ɗakin Anti Lalita. Ko alewa za ta ba ki, sai ta sa tabarau ta karanta bayan leda, don kada a ce akwai abin da Musulmi ba ya ci. Ba addininta ba ne, amma ta kiyaye miki naki."

Safiatou ta sunkuyar da kai.

"Ban san tana yin haka ba."

"Ba ta taɓa faɗa ba. Ni na gani." Mama ta jawo ta jikinta, ta share mata hawaye da gefen gyale. "Kin yi laifi babba. Amma kin yi magana kafin cokali ya kai baki, wannan kuma na ji daɗinsa. Yanzu sai gyara. Waken ya ƙare. Sa rigar sanyinki."

"Bikin Ama fa?"

Mama ta dube ta kawai. Safiatou ta ɗauki waya da kanta ta kira Ama, ta ce ba za ta samu zuwa ba. Ta ji kiɗa da dariyar yara ta cikin wayar. Ranta ya sosu, amma ba ta yi gardama ba.

Kafin su fita, ta dafa shayi ta gasa burodi, ta kai wa Anti Lalita don ta sha magani. Ta durƙusa a gaban kujerar.

"Anti, ki yafe mini."

Tsohuwar ta dube ta.

"Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Da na ci, daga baya na ji labari, da na yi baƙin ciki ƙwarai." Ta riƙe hannun yarinyar. "Amma kin tsayar da ni. Na yafe. Idan kun sayo waken, nan za ku zo. A kicin ɗina za a dafa, ke kuma za ki dafa."

Suka shiga bas cikin sanyi har wani shagon kayan miya na mutanen Bangladesh. Suka sayo wake da madarar kwakwa da alayyafo. Safiatou ce ta riƙo jakar har gida, yatsunta suna zafi don sanyi.

Mama ta tura kujerar Anti Lalita zuwa bakin kicin. Daga nan tsohuwar take ba da umarni da sandarta.

"Zuba masa ruwan zafi, ya samu awa ɗaya. Tun da bai kwana a ruwa ba, sai an lallaɓa shi."

Safiatou ta sake ɓare tafarnuwa. Ta yanka albasa da kanta, idonta yana ruwa. Ta juya, ta juya, har hannunta ya gaji. Da miya ta yi kauri, Anti Lalita ta ce ta ɗanɗana.

"Yaya kika ji?"

"Lami ce, Anti."

"Haka take a wannan lokacin. Ba ta gama ba tukuna. Ɗauko kwalbar can mai jan murfi."

A ciki akwai irin 'ya'yan ƙamshin da Mama ta soya da safe.

"Mene ne sunansu?" Safiatou ta tambaya.

"A gidanmu jira muke ce musu."

Mama ta fashe da dariya har ta dafa bango. Anti Lalita ta tambayi abin dariya. Safiatou ta bayyana mata ma'anar jira a Hausa, tana rufe fuska don kunya. Tsohuwar ma ta yi ta dariya har tana riƙe ƙafarta mai ciwo.

Safiatou ta soya su a mai, ta juye a kan miya. Ta matsa lemun tsami. Da ta sake ɗanɗanawa, ta ji daɗin da ya fi na safe.

Sai bayan la'asar Anti Lalita ta ci abinci. Ta cinye kwano guda, ta nemi ƙari. Su ukun suka ci tare a ƙaramin teburinta.

Da Baba ya dawo daga Canal Street, Mama ta zuba masa miyar farko, don ba a zubar da abinci a gidansu. Yana ci Safiatou tana ba shi labari, ba ta rage komai ba. Ya saurara har ta gama.

"To, me kika koya, 'yar Baba?"

"Idan mutum ya yarda da ni, kada in yi masa abin da ba ya so a ɓoye, ko da ina ganin alheri ne. In kuma na yi kuskure, in faɗa da wuri."

Baba ya gyaɗa kai.

"Wannan ita ce amana. Ki riƙe ta da kyau, ga Musulmi da wanda ba Musulmi ba."

Sati shida Anti Lalita ta yi kafin ta fara taka ƙafarta. Duk Asabar a cikinsu Safiatou ce take dafa mata miyar koren wake. Ran da tsohuwar ta fara fita, hannun Safiatou ta dafa har bakin lifta, na'urar hawa da sauka bene.