Kabari a Gonar Gwamna Kha

Ina shanya kifi a bayan gidanmu Malam Tuong, magatakardan mijina, ya shigo yana haki, rana ta ɗan karkata. Ya ce, "Uwargida, Gwamna ya faɗi." Na ce, a ina? Ya ce a gonar gwauraye, gefen kabarin nan da ake rigima a kansa, kuma ba zai tashi ba.

Ban yi kuka a lokacin ba. Na ci gaba da jera kifin har tabarmar ta cika, don hannuna bai san abin da zai yi ba in ba wannan.

Ni ban yi karatu mai nisa ba. Mijina, Gwamna Kha, shi ya koya mini rubutu da tsinke a kan laka, shekarar da muka zo Ben Tram, shi da ni da iyalai arba'in, babu komai sai ciyawa da sauro da kada. Sarki ya ce masa, duk inda ka sare ka shuka, kai ne gwamnansa. Ba zan ce Kha bai ci ƙasar mutane ba. Ya ci. Akwai gonaki uku da sunana waɗanda ban taɓa taka su ba. Amma da ya sa aka haƙa babbar hanyar ruwa shekara shida kafin rasuwarsa, zazzaɓi ya kashe masa mutum ɗari biyu da wani abu, daga nan bai ƙara barci mai daɗi ba. Sai ya ware gona mafi kyau a bakin ruwan ya ba matan mamatan. Ita ake kira gonar gwauraye.

A kan wannan gonar ce Hoanh, mai fataucin shinkafa, ya kai ƙara fadar sarki. Ya ce kakansa na kwance a tsakiyarta tun shekara talatin, kuma kowa ya sani, inda kakanka yake kwance ƙasarku ce. Kabarin kuwa ga shi nan, ciyawa a kansa, har a littafin filaye an rubuta shi. Manzon sarki na hanya, saura kwana uku ya iso. In ƙarar ta tsaya, za a kori matan, mijina kuma a binne shi da sunan ɓarawon ƙasar matattu.

Washegari da safe Muoi ya zo. Tsohon soja ne, shi ke riƙe wa Kha igiyar awon gona tun ranar farko. Ya durƙusa gaban gawar ya daɗe. Ya duba ƙeyar da ta fashe, ya buɗe hannun gawar na dama, ya kankare wani abu daga ƙarƙashin farce ya naɗe a ganye.

Ya ce, "Yaya Nhan, a gari ana cewa kakan Hoanh ne ya ture shi."

"Kai me ka ce?"

"Na ga matattu da yawa, ban ga wanda ya iya ɗaga sanda ba. Me ya ce miki kafin ya fita?"

"Abin da yake ce mini kullum. Ya tambaye ni ruwa."

Haka muke tun muna zaune a bukka. Ruwan teku na shigo mana sau biyu a yini ya koma, ni kuma nakan riga shi tashi, in leƙa gungumen da ke bakin mashigi in ga inda ruwa ya kai. Yana kwance zai ce, "Nhan, ruwa fa?" In ce ya cika, ko ya janye.

Na ce wa Muoi, "Na ce masa ya cika. Ya ce, madalla, zan samu shiga."

Muoi ya dube ni. "Shiga. Mai tafiya a ƙafa ina ruwansa da cikar ruwa?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Kha ba ya iya tuƙi, tun da mashi ya lalata masa kafaɗar hagu. In da kwale-kwale ya tafi, to wani ne ya tuƙa shi.

Muoi ya ce in bi shi, don mutane ba sa iya ƙarya sosai a gaban mai takaba. Muka fara da Hoanh, muka same shi a rumbunsa.

Muoi ya ce, "Jiya da asuba ina kake?"

"A kasuwar kan ruwa, da mutum hamsin. Je ka tambaye su, mai igiya."

"Zan tambaya. Kakan naka me ye sunansa?"

Ya faɗa.

"Ƙarshen shekarar bara, da kowa ya fita share kaburburan gidansu, kai wa ka aika?"

"Ina da mutane."

"Wanne daga ciki? Ina son in gaishe shi."

Hoanh ya ce mu fita masa daga rumbu. Muoi ya je kasuwa ya tambaya, gaskiya ne, yana can tun asuba har hantsi. Ya ce mini, "Wannan maƙaryaci ne, amma ba shi ya yi dukan ba."

Daga nan muka bi kunyar gona zuwa wurin Chau Rim, wanda iyayensa suke nan tun kafin mu zo. Shi aka fi zargi, don ya taɓa zagin Kha a gaban jama'a.

Ya ce, "Na zage shi, kuma da yana da rai zan ƙara. Fadamar ubana ce ya raba wa mutanensa. Yi haƙuri, Uwargida, amma haka ne."

Na ce, "Haka ne."

Ya matso mini da kujera.

Muoi ya ce, "Kabarin nan fa?"

"Mu ƙona namu muke yi, ban san harkar kabari ba. Amma shekara ashirin ina ɗaure ɓaunata ta noma a daidai wurin, turke ne kawai. Bara da ruwan damina ya janye na ga tudu. Na ce wannan kaka ya iya tafiya."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Wa ya tambaye ni?"

"Jiya fa, me ka gani?"

"Da hantsi na ga kwale-kwale zaune a kan laka a ƙaramin rafin da ke shiga gonar, ruwa ya gudu ya bar shi. Idanun nan da ake zana wa kowane jirgi a goshi, nasa na dama ya goge. Da yamma ruwa ya dawo, ban ƙara ganinsa ba."

Duk Ben Tram kwale-kwale ɗaya ne mai ido ɗaya. Kha ma yakan tsokani mai shi, ya ce, "Malam, kai da ke rubutu ka kasa zana wa jirginka ido?"

Ranar da manzon sarki ya iso, Muoi ya roƙi a yi zaman a gonar. Gwaurayen suka jeru a kan kunya da 'ya'yansu. Muoi ya juya ga Malam Tuong.

"Malam, ka ce da tsakar rana ka same shi. Ta ina ka zo?"

"A ƙafa, ta kan kunya."

"Kwale-kwalenka yana ina?"

"A gida, a ɗaure."

"To shi ma irin kakan Hoanh ne, ya iya tafiya. Chau Rim ya gan shi a rafin can da hantsi. Rafin ba ya ɗaukar jirgi sai ruwa ya cika, ranar kuwa da asuba ya cika. Nuna wa Manzo tafin hannunka."

Ya ƙi. Dogarin manzo ya buɗe masa. Hannun mai alƙalami ne, amma duk ya yi bororo ya fashe.

Muoi ya buɗe ganyen nan ya nuna: laka shuɗiya, da ɓarɓashin ɓawon katantanwa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan na ciro daga farcen Gwamna. Ƙasar saman nan baƙa ce. Shuɗiyar sai ka haƙa tsayin mutum biyu, kuma babu wanda ya taɓa ganinta a Ben Tram sai da muka haƙa hanyar ruwa. Na sani, don na kwashe ta a kwando wata goma sha huɗu. Shekara shida ke nan. Ta yaya aka rufe mamacin shekara talatin da ita?"

Manzo ya ce a tone. Hoanh ya yi ihu cewa za a tozarta kakansa, babu wanda ya kula shi. Daga ƙarƙashin ciyawa har ƙasa laka shuɗiya ce. Babu akwati, babu ƙashi. A can ƙasa suka sami ruɓaɓɓen turke. Chau Rim ya ce, "Nawa ne, a ba ni abina."

Muoi ya jera yadda aka yi. Kha ya yi zargin tudun, ya sa magatakardansa ya tuƙa shi, don shi ya fi yarda da shi. Ya durƙusa ya tona da hannunsa mai lafiya, ya ga lakar, ya gane. Da ya gane kabarin na ƙarya ne, ya san wanda ya shigar da shi littafin filaye. Tuong na tsaye a bayansa da filafilin tuƙi. Bayan ya buge shi, dole ya tsaya ya mayar da ƙasar ya daddaɓe ta ya jera ciyawa. Kafin ya gama ruwa ya janye ya bar masa jirgin, sai ya taho wurina a ƙafa.

Hoanh ne ya fara magana. Ya ce kashi ɗaya cikin uku na gonar ya yi wa Tuong alkawari, amma bai ce a kashe kowa ba. Da za a tafi da su, Tuong ya tsaya. Ya dube ni ya ce, "Ya kira sunana, Uwargida. Bai juyo ba ma." Da ma bai faɗa mini ba.

Gonar ta zauna a hannun matan. Su suka roƙi a binne Kha a wurin da aka tone, suka ce yanzu sai a sami kabari na gaske. Ni kuma na sa Muoi ya ɗauki igiyarsa ya auna wa Chau Rim ɗaya daga gonakin da ke da sunana. Ya karɓa, bai gode ba, ban kuma sa ran zai gode ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Muoi ya rasu, idona ya fara rauni. Wasu na cewa Kha uban gari ne, wasu na cewa mai haɗama ne, ni ban musanta wa kowa. Abin da na sani, gefen tabarmarsa har yau ban iya kwanciya a kai ba.

Kullum da asuba nakan sauka bakin mashigi in shafa gungumen da hannu, tunda ba na gani sosai. Sai in hau, in tsaya a ƙofar ɗaki, in ce, "Ya cika." Ko in ce, "Ya janye." In ɗan jira kaɗan, sannan in je in hura wuta.