Garken Mai Tabki

Ranar da abin ya fara, Habsatu tana kwashe tuwo, ladan bai kai ga kiran magariba ba. Wani abu ya faɗo bisa kwanon ɗaki. Ta ɗauka yaran maƙwabta ne, ta ɗaga murya ta yi musu faɗa. Na biyu ya sauka cikin tukunyar miya. Da mijinta Hamisu ya tsamo shi da ludayi, sai ya ga curin laka ne baƙi, jiƙe sharkaf, yana warin tabki. Rabon garin da ruwan sama ya kai wata biyu.

Ƴarsu Zuwaira tana zaune bisa tabarma, ba ta ko ɗaga kai ba. Ita kaɗai ce daga wannan ƙauye na ƙasar Dungas ta kai ga karatun likita, a babban asibitin koyarwa can birni. Hamisu kuwa tun tana shekarar farko yake kiranta Dokta, ko mura ta kama shi ba ya shan maganin kowa sai ya buga mata waya.

Bincike ya kawo ta gida. Farfesanta ya turo ta kan tsargiya, ciwon nan da ke sa yara fitsarin jini. Gida gida ta bi, tana karanta wa iyaye takardar neman izini, su dangwala yatsa. Kowane yaro ta karɓi fitsarinsa a kwalba ta sa lamba. Kwalaben suka tafi labo, ɗakin gwaji na birni, da lamba kawai, don a rufa wa mutane asiri, sunayen kuma suka zauna cikin wani littafin rubutu, kaye shuɗi da ke hannunta. In ba da kayen nan ba, babu mai sanin lamba kaza ɗan wane ne. Daga ƙarshe ta sa takalman roba ta shiga tabkin bayan gari da rariya, ta kwaso ƙananan katantanwa masu ɗauke da cutar, ta aika da su labo. Tsofaffi sun ce mata ba a ɗiban komai a tabkin nan sai an yi sallama an zuba nono a bakin ruwa. Ta ce to, don ladabi, ta manta.

Magariba ta uku suka ji fito, irin wanda makiyayi ke yi in dabba ta ɓace masa. Yana zagaya gidan a hankali, ba a ganin kowa. Zuwaira ta durƙusa tana tattara tsakuwa tana ƙirgawa, in ta kai ƙarshe ta watsar ta sake.

"Zuwaira, Innarki ce," in ji Habsatu. "Dube ni."

Ta dube ta kamar ba ta taɓa ganinta ba.

An kai ta asibitin Dungas, aka auna jini, aka ce lafiya lau. Farfesa ya ce a kawo ta birni. Sau biyu suka kama hanya, sau biyu babur ya mutu daidai tabkin, sai an juya kansa gida yake tashi. Ta daina ci, wuyanta ya zama kamar sillen kara. Hamisu, mai yawan baki a majalisa, ya koma zama a ƙofar ɗakinta yana kallon hannuwansa. Tsoro yake ji, kuma bai san abin da zai yi ba.

Bayan kwana tara aka ɗauko Malam Sidi daga Dogo-Dogo, tsoho ne marar son hayaniya. Ya iso rana tana faɗuwa. Ya zauna kusa da kan Zuwaira yana karatu, ya daɗe yana yi, har kaji suka gama hawa. Sannan bakinta ya buɗe, muryar wani dattijo ta fito, a shaƙe kamar daga cikin randa.

"Ya isa, Malam. Ina jinka."

"Wane ne kai, me ta yi maka?"

"Ni ke da tabkin. Ta nemi izinin kowa a garin nan, har makaho ya dangwala. Ni ta shigo mini da takalmi ta kore garkena, ɗari huɗu da sha biyu. A mayar mini."

Hamisu ya buga wa labo waya. Aka ce ai tuni an farfasa katantanwan an duba, haka ake aikin. Da aljanin ya ji, Zuwaira ta yi wani kuka wanda ya sa Habsatu toshe kunne.

Malam Sidi ya yi tayin nono ƙwarya bakwai. Ya yi tayin baƙin bunsuru. Ya koma karatu har zufa ta jiƙa rawaninsa, jikin yarinyar yana murɗewa, hancinta ya fara jini. Uwar ta riƙe ƙafarsa ta ce don Allah ya dakata.

"Ita ma tana da garke," in ji muryar. "Yana cikin kaye shuɗi. A ba ni shi, in tafi."

Malam Sidi ya juya ga Hamisu. "Ban san abin da zai yi da shi ba. Ba zan ce ka ba shi ba. Amma jikinta ba zai ɗauki wani karatun ba."

"Allah gafarta Malam, takarda ce fa kawai," in ji Hamisu, yana neman wanda zai ce masa haka ne.

Shi da kansa ya kai kayen bakin tabki da fitila a hannu, ya jefa. Takarda takan ɗan yi iyo, wannan nan take ta nutse. Kafin ya dawo Zuwaira ta yi atishawa uku, ta nemi fura.

Washegari da la'asar labo suka kira ta. Kwalba tamanin da shida, talatin da ɗaya akwai cuta, wasu ta yi nisa, a gaggauta kawo yaran. Ta rubuta lambobin a bayan hannunta, ta shiga ɗaki, ta fito.

"Baba, ina kayena?"

Ya gaya mata. Ba ta yi kuka ba, ta zauna a ƙasa tana kallon lambobin, tana ƙoƙarin tuna fuskoki. Suna ɗaya kawai ta tabbatar, na shafin farko, domin daga maƙwabta ta fara: Fadi, ƴar shekara shida.

Ladan ya gyara murya. Can bayan danga, a gidan su Fadi, wani abu ya faɗo bisa kwano, suka ji uwarta tana yi wa yaran maƙwabta faɗa.