Hansai da Mutum-mutumi Ɗan Amshi

A wani gari an yi wata yarinya, Hansai, mai zaƙin murya. Amma da ta ga taro, sai muryar ta maƙale.

Ranar gasar waƙa, ajinsu da ita ya dogara. Malamarsu ta tsayar mata da wani mutum-mutumi mai inji, ɗan amshi. Duk abin da aka faɗa, sai ya rera.

Hansai ta yi raɗa, "Malama, ƙafafuna rawa suke."

Mutum-mutumi ya rera, "Ƙafafuna rawa suke!" yana kaɗa gwiwoyi.

Hansai ta ce masa, "Kai, rufa mini asiri!"

"Rufa mini asiri!" ya rera, yara suna tafi.

Hansai ta tuntsire da dariya. "To, tunda amshi kake so, karɓi wannan!"

Ta saki waƙarta, taro duka ya ɗauki amshi, har aka daina jin mutum-mutumin.